Sai na sayi sifana mai awo kafin in taɓa kekena?

Tambaya: Na sayi keken tsere na hannu, firam ɗinsa na kabon (carbon fibre), ba ƙarfe ba. A wuyan sitiyari an rubuta 5 Nm, wato awon ƙarfin da za a ɗaure notin da shi. Mai gyaran kekenmu ya ce shi da hannu yake jin ɗauri, wani aboki kuma ya ce zai aro mini sifana mai awo ta garejin mota. Wa zan bi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kada ka bi ko ɗaya. Mai gyaranku bai yi ƙarya ba, amma hannunsa da Raleigh da Phoenix ya saba, ƙarfe zalla, wanda ko an murɗe shi da ƙarfin tuwo sai dai noti ya ci. Kabon ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi. Tsagewa yake yi, wani lokaci daga ciki, sai ranar da kake gangara da gudu ya nuna halinsa. Ita kuwa ta garejin mota, yawanci awonta daga wajen 40 Nm yake farawa, ba ta ma san da 5 ba.

Nemi ƙarama, mai awo daga 2 zuwa 14 Nm, irin TW-5.2 ta Park Tool. Ita ce za ta yi maka wuyan sitiyari da maɗaurin sandar sirdi, inda galibi 4 zuwa 6 ake so, har da notin hannun feda na Shimano Hollowtech II mai 12 zuwa 14. In kuɗi bai kai ba, akwai ɗan makulli da aka saita a kan 5 Nm tun daga masana'anta, ya ishe ka mafi yawan aikin. Feda da makullin giyar baya suna neman kusan 40, wannan ka bar wa babbar, irin ta garejin mota.

Sayen ba shi ne wahalar ba. Ka riƙe ta a mariƙinta, ka ja a hankali, da ka ji "ƙas" ka tsaya. Mutanenmu akwai son ƙarawa "don ya zauna", to wannan ƙarin shi ke fasa kaya. Inda noti huɗu ne, kamar fuskar wuyan sitiyari, ka bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, har ratar sama da ta ƙasa su daidaita, sai dai in kamfanin ya ce a fara rufe ɗaya. In sirdi yana zamewa, kada ka wuce lambar, ka shafa man kabon mai ɗan yashi-yashi. Kada ka kwance noti da sifana mai awo, alanki ne aikinsa. In ka gama, mayar da awon kan lamba mafi ƙanƙanta kafin ka ajiye, don kada sifirin ɗin ciki ya saki.

Tambaya: Ni kekena na ƙarfe ne, na zuwa kasuwa da gona. Ni ma in saya? Daga Maraɗi.

Amsa: A'a, Malam, riƙe kuɗinka. Sayi alanki da sifana masu kyau waɗanda ba sa cin kan noti, da gwangwanin giris. Ka dai tuna fedar hagu a juye take ɗauruwa.