Layin kore a gonar dawa: ganuwa ce ko burtali?

Malam, tambayarka ita ce ko layin nan mai duhun kore da ya kewaye gonakin dawa a hoton sama na manhajar Google Earth, can wajen Turunku a jihar Kaduna, tsohuwar ganuwa ce. Tana iya zama ita, sai dai ba bangon kake gani ba, gwalalon da aka haƙa a bayansa ne. Ramin ya cike da ƙasa mai laushi mai riƙe laima, shi ya sa dawar da ke kansa ta fi tsayi, tana nan shar bayan ta gefe ta fara rawaya. Inda tushen gini ko marmara ke kwance kuwa, shuka tsumburewa take yi, ta riga saura bushewa. In ka ga layi biyu manne da juna, mai duhu a waje, mai haske a ciki, ka kusa tabbata.

Sharaɗin dai shi ne lokacin hoton. Koma tsofaffin hotunan wurin ka zaɓi na Oktoba, ruwa ya ɗauke, ba a girbe ba. Na Agusta komai kore ne, na Janairu kuma hazo da ƙunar daji sun ɓata shi. Ka tabbatar layin ya fito a shekara 2 ko 3 daban-daban, don taki ma kan yi irin wannan zane a damina ɗaya. Burtali da tsohuwar hanyar ruwa su suka fi ruɗar mutane, amma ruwa gangare yake bi, ganuwa kuwa takan hau tudu ta sauka, ta bar giɓi inda ƙofa take. Bayan girbi ka taka wurin da ƙafa ka duba tsingaro a cikin kunyoyi.