In ƙaramar hukuma ta sa kuɗi a sayi gonakin bakin dajin Yankari, ya halatta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Ni manomi ne, gonarmu ta gado tana daf da iyakar dajin Yankari, kusan duk damina sai giwaye sun shigo mana dawa da masara. Toh a majalisarmu wasu suna cewa da gwamnati za ta sayi gonakin bakin dajin ta haɗa da gandun, jiha ta biya wani kaso ƙaramar hukuma ta biya wani, da kowa ya huta. Wasu kuma sun ce haramun ne a ɗauki kuɗin talaka a saya wa namun daji fili. Meye hukunci, kuma in na ƙi sayarwa ana iya tilasta ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya mayar maka da abin da giwaye suka ci.

Masu cewa haramun ne kai tsaye sun yi gaggawa. Keɓe daji don amfanin jama'a abu ne sananne a fiƙihu, shi ne ake ce wa hima. Bukhari ya ruwaito Annabi SAW ya ce babu hima sai ta Allah da Manzonsa, malamai suka ce ma'anarsa wani mai ƙarfi ba zai killace daji don kansa ba kamar yadda ake yi a jahiliyya, amma shugaba yana iya yi don maslahar al'umma. Annabi da kansa ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyadina Umar ya keɓe ta Rabaza, sannan Madina an hana sare itacenta da korar namun dajinta. Yankari kuwa tun 1956 aka keɓe shi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, giwayen da ke cikinsa suna daga ɗan abin da ya rage wa Najeriya, in suka ƙare shikenan. Kiyaye su maslaha ce da shari'a ta san da ita.

Amma fa ka ji yadda Umar ya yi tashi himar, don nan ne mutane ke tsallakewa. A Muwaɗɗa ya zo cewa ya naɗa bawansa Hunayyu mai gadin wurin, ya ce masa ka sassauta wa mutane, ka ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ka bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma dabbobin attajiran sahabbai Ibn Auf da Ibn Affan ka hana, don su in dabbarsu ta mutu suna da gonakin dabino, shi ko talaka wajena zai zo da 'ya'yansa. Har ya rantse ba don dabbobin da ake hawa fi sabilillahi ba da ko taƙi ɗaya bai keɓe daga ƙasarsu ba. Kaga shi talakan gefen daji shi aka fara dubawa.

Maganar raba kuɗi kuma, asalinta halal ne, taimakekeniya ce tsakanin masu riƙe da baitul mali. Ƙa'idar ita ce duk abin da shugaba zai yi da dukiyar talakawa dole ya rataya ga maslaharsu, sai ƙa'ida ta biyu, wanda ke cin riba shi ke ɗaukar nauyi. Tun 2006 da tarayya ta mayar wa jihar Bauchi da dajin, jiha ce ke riƙe da shi, baƙin da ke zuwa wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki ma wurin jiha suke shiga, don haka a ganina kaso mafi girma na jiha ne, ƙaramar hukuma ta sa gwargwadon abin da zai dawo wa mutanenta, kamar aikin gadin daji ga samari da raguwar ɓarnar gona. In ko za a taɓa albashin malaman firamare ko kuɗin maganin asibiti don a cika kason, wannan bai halatta ba, larura tana gaban ƙawa. Kuma ciyaman da kansiloli su zauna su amince a rubuce, ba a zare daga sama su ji a rediyo ba, balle ma Kotun Ƙoli a watan Yulin 2024 ta ce kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne. Zakka kam ba ta shiga nan sam.

Sai tilastawa. Malikiyya sun yarda a tilasta sayarwa don faɗaɗa masallaci ko hanya, Umar ya yi haka da gidajen da ke kewaye da Ka'aba, waɗanda suka ƙi ya ajiye masu kuɗinsu. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta sa sharuɗɗa, hukuma ce za ta karɓa, buƙatar ta zama ta jama'a da gaske, a biya diyya nan take wadda ba ta gaza farashin kasuwa ba, kuma kar filin ya koma hannun wani ya yi kasuwancinsa. Anan akwai gyara, don dokar filaye ta 1978 galibi abin da ke kan ƙasa take biya, shuka da itatuwa da gini, shari'a kuwa ita kanta gonar tana da farashi. In aka ƙirga maka kan dawa da ɗorawa biyu aka ce ka tashi, an ci haƙƙinka ko da doka ta wanke su.

Don haka in an cika sharuɗɗan nan ka karɓi kuɗinka halal ne, kuma kana da damar neman musanya da wata gona maimakon kuɗi, ni ma shi na fi so maka don kuɗin diyya ba ya kwana. Tunda ka ce ta gado ce, kar ka sa hannu kai kaɗai sai duk magada sun yarda, har 'yan uwanka mata da ke gidan aure, in akwai maraya waliyyinsa ya tsaya masa. Wallahu a'alam.