Tuƙi cikin maye a Kaliforniya: makomar lasisi da na'urar hurawa

Ka ce an kama ƙanenka a jihar Kaliforniya ta Amurka yana tuƙi bayan ya sha giya, 'yan sanda sun karɓe lasisinsa, kana tambayar ko zai sake tuƙi.

Fara da abin gaggawa: kwana 10 kacal gare shi daga ranar kamun ya nemi hukumar DMV, mai kula da lasisin tuƙi, ta saurare shi. In ya yi sake, takardar izinin tuƙi ta wucin gadi da aka ba shi za ta ƙare bayan kwana 30, a dakatar da lasisin wata 4, in karon farko ne kuma barasar jininsa ta kai 0.08%. A nan mutane da yawa ke yin asara: suna zaman jiran ranar kotu, alhali shari'ar kotu daban take.

Yana iya komawa tuƙi in ya sa na'urar hurawa, wadda ke auna barasa a numfashi, a motarsa, ya shiga darasin da aka wajabta wa masu tuƙi cikin maye, ya kawo takardar inshora ta SR-22. Injin ba ya tashi sai ya hura, a kan hanya ma na'urar tana sake nema, kuma duk kwana 60 ana kai ta dubawa. Ya guji maganin kurkure baki mai barasa dab da hurawa. Kada wani ya hura masa, laifi ne.

Ya nemi lauya tun yanzu. In da biza yake zaune, ya haɗa da lauyan shige da fice, don kamun kaɗai na iya jawo soke ta.