H125 ko Bell 407: wanne ya fi aiki, wanne ya fi aminci?

Tambaya: Injiniya, kamfaninmu na shirin sayen ƙaramin jirgi mai saukar ungulu guda ɗaya. Aikinsa kai ma'aikata da kaya wurare masu tsaunuka da zafi, wani lokaci kuma ɗaukar marar lafiya. An kawo mana Airbus H125 da Bell 407. Wanne ya fi ƙarfi, kuma wanne ne ba zai riƙa kwanciya a gareji ba?

Amsa: Malam, tunda ka ambaci tsauni da zafi da kaya, H125 zan nuna maka. Amma bari in faɗi dalili, domin 407 ba kanwar lasa ba ne.

A takarda sun yi kama. Kowanne inji ɗaya gare shi, kowanne na ɗaukar matuƙi da fasinja biyar zuwa shida, gudunsu na tafiya bai yi nisa da kilomita 250 a awa ba. H125 shi ne wanda aka sani da AS350, ya fara tashi a Faransa a 1974, kuma na yanzu yana aiki da injin Arriel 2D na kamfanin Safran. Bell 407 ya fara tashi a 1995, ana haɗa shi a Mirabel ta Kanada. Jikinsa ya samo asali daga LongRanger, wani jirgin Bell da ya gabace shi, farfelarsa mai fikafikai huɗu kuma daga jirgin soja OH-58D aka ɗauko ta, injinsa Rolls-Royce 250.

Bambancin yana fitowa ne idan aka hau sama. Duk lokacin da tudu ya ƙaru ko rana ta ƙwalle, iska takan yi shara-shara, farfela ta rasa abin kamawa, inji ma ya rage ƙarfi. Jirgin da ya ɗauki mutum shida da sassafe, da azahar sai ka ga dole an sauke biyu ko an rage mai. A nan H125 ya yi suna. Ranar 14 ga Mayu 2005 matuƙi Didier Delsalle ya sauke samfurin AS350 B3 a ƙololuwar dutsen Everest, mita 8,848. An rage wa jirgin nauyi sosai kafin tafiyar, saboda haka kada ka ɗauka haka zai yi da lodi, amma ba banza ba kusan duk masu aikin ceto a tsaunukan Nefal shi suke amfani da shi. Yana iya rataya kaya har kilo 1,400 a ƙugiyar da ke ƙarƙashinsa. Cikinsa kuma fili ne shimfiɗaɗɗe, babu abin da ya raba gaba da baya: a cire kujeru, a shigar da janareto ko gadon marar lafiya, ma'aikacin jinya yana ganin matuƙi suna magana.

A 407 akwai ginshiƙi a bayan kujerun gaba da sandunan sarrafa farfela ke bi ta ciki, ya raba ɗakin biyu, fasinjojin baya na zaune suna fuskantar juna. Wannan na takura lodi mai faɗi. Sai dai matuƙa da yawa na yaba shi wajen laushin tafiya da saurin amsa hannu. Da aikinku jigilar mutane ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da ban yi jinkirin cewa ka ɗauke shi ba.

Batun aminci kuwa, kowannensu yana da tarihin da ya kamata ka sani kafin ka sa hannu. A ƙarshen shekarun 1990 an samu lokutan da farfelar wutsiyar 407 ta sari jikin wutsiyar, har hukumomi suka rage masa iyakar gudu kafin a gyara tsarin fedarsa, wato abin da matuƙi ke takawa da ƙafa don sarrafa farfelar wutsiya. An daɗe da magance wannan. Shi kuma AS350, abin lura a gare shi haidirolik ne, wato matsin man da ke sauƙaƙa wa matuƙi juya sanduna. Yawancin tsofaffin layi ɗaya gare su, idan ya ɗauke sandar takan yi nauyi ƙwarai, sai wanda ya sha horo ne zai sauka lafiya. Akwai masu layi biyu, su ma suna da tasu ƙa'idar gwaji kafin tashi. A Yulin 2015 wani AS350 B3e na ɗaukar marasa lafiya ya faɗi a Frisco ta jihar Kolorado a Amurka jim kaɗan da tashi. Masu bincike sun gano cewa farfelar wutsiya ba ta samun taimakon haidirolik bayan gwajin da aka yi a ƙasa, sannan tankin mai ya fashe wuta ta kama. Sababbin H125 suna fitowa da tanki mai jure faɗuwa. Idan na hannu za ku saya, wannan ce tambayata ta farko ga mai sayarwa, kuma ba zan yarda da amsar baki ba sai na gani a kundin gyaran jirgin.

Wani abu da ake mantawa: farfelar H125 tana juyawa yadda hannun agogo ke yi idan an duba daga sama, ta Bell kuma akasin haka. Ke nan ƙafar da matuƙi zai danna idan ya ƙara ƙarfi ta bambanta. Wanda ya saba da ɗaya yana buƙatar horo na gaske kafin a ba shi ɗayan.

Kwanciya a gareji kuma, galibi jiran kayan gyara ke jawo ta, ba lalacewar inji ba. Tunda jirgi ɗaya tak za ku mallaka, ranar da ya tsaya aiki ya tsaya. Bincika wace cibiyar gyara mai lasisi ce ta fi kusa da ku, kanikawanku a kan wane inji suke da takardar shaida, da kwana nawa kaya ke ɗauka kafin su iso. Idan amsoshin duk sun karkata ga Bell, ka sa a lissafa maka nauyin da 407 zai iya tsayawa da shi cak a sama a wurin aikinku mafi tudu, a rana mafi zafi. In ya ɗauki lodinku da rara, to ka saye shi.