Ma'anar "three sheets to the wind"

Malam, ka tambayi abin da Turawa ke nufi da "three sheets to the wind". Nufinsu mutum ya sha giya ya yi mankas, har yana tangaɗi.

Inda ake yawan kuskure shi ne kalmar "sheet". A nan ba zanen gado ba ce, ba kuma takarda ba. A bakin matuƙan jirgin ruwa, igiya ce mai riƙe gefen ƙasa na ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi. In igiyoyi uku suka kwance, sai jirgin ya riƙa layi kamar mashayi. Tun farkon ƙarni na 19 ake faɗin wannan magana, a da da "in" maimakon "to".

Maganar hira ce da raha, kada ka sa ta a wasiƙar aiki. Ta mayen giya ce, ba ta ƙwaya ba.