Ku Tambaya Mu Amsa: Sihiri da Gina Jarumi a Wasan Dungeons & Dragons

Dungeons & Dragons wasa ne na labari da ake yi da dayis, inda kowane ɗan wasa ke gina jaruminsa daga ajujuwa kamar Wizard, Cleric da Druid.

Tambaya: Assalamu alaikum. Jarumina Wizard ne a mataki na 4. Ina so in ɗauki mataki ɗaya na Cleric don in samu sulke da garkuwa, amma jagoran wasanmu ya ce ba zan samu sihirin wuta na Fireball a mataki na 5 ba ko da ina da gurbin daraja ta 3. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Jagoranku ya faɗi daidai, ɗan'uwa. Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa: yawan gurabun sihiri (gurbi shi ne abin da kake kashewa in ka saki sihiri), da sihirin da aka yarda ka sani. Gurabu a dunƙule ake lissafa su. Wizard 4 da Cleric 1 ya zama 5 ke nan, sai ka samu gurbi 4 na daraja ta 1, gurbi 3 na daraja ta 2, gurbi 2 na daraja ta 3. Amma abin da za ka koya, kowane aji da lissafinsa. A wurin littafin sihirinka kai har yanzu Wizard 4 ne, iyakarka daraja ta 2.

Gurabun ba asara ba ne, za ka iya zuba ƙaramin sihiri a ciki ya ƙara ƙarfi. Magic Missile, alal misali, kibiya 3 yake harbawa, a gurbin daraja ta 3 ya koma 5, ɓarnar da ba ta wuce 17 ko 18 a tsaka-tsaki. Fireball kuwa dayis 8 ne masu fuska 6, wato kusan 28 a kan duk wanda wutar ta rutsa da shi kuma ya faɗi jifar kare kai. Tazarar ba kaɗan ba ce. Shawararmu ka daure ka kai Wizard 5 tukuna, sannan ka leƙa Cleric. Ka kuma duba takardarka: sai kana da 13 a basira da 13 a hikima kafin doka ta bar ka ka haɗa ajin biyu.

Tambaya: Ni Druid nake bugawa. Da na ɗora sihiri mai buƙatar riƙe hankali, sai a buge ni ya wargaje. Tsakanin baiwar War Caster da Resilient ta ƙarfin jiki, wacce ta fi?

Amsa: 'Yar'uwa, bari mu fara da dokar. Duk bugun da ya same ki kina riƙe da irin wannan sihirin, don kada ya wargaje za ki jefa dayis mai fuska 20 ki ƙara makin ƙarfin jikinki. Abin da ake nema shi ne 10 ko rabin ɓarnar, duk wanda ya fi girma. Kowane bugu da jifarsa, don haka ƙananan duka uku sun fi babba ɗaya haɗari, in dai babban bai haura 21 ba.

A ce ƙarfin jikinki 15 ne, ƙarinki 2. Kina buƙatar 8 ko sama, wato nasara 65 cikin ɗari. War Caster tana ba ki jifa biyu ki ɗauki mafi kyau, sai nasarar ta kai kusan 88. Resilient kuwa za ta mayar da 15 ɗin 16, ta kuma ƙara miki makin ƙwarewa, wanda ke hawa da matakinki. A mataki na 5 ƙarinki ya zama 6, nasara 85. Kusan kunnen doki. Amma a mataki na 9 ƙwarewa ta koma 4, Resilient ta kai 90, kuma haka za ta ci gaba da hawa, ita kuwa War Caster tana nan inda take. Bayan haka Resilient tana taimakonki a duk jifar kare kai ta ƙarfin jiki, kamar guba, ba riƙe hankali kaɗai ba.

To, in wasanku ba zai wuce mataki na 7 ko 8 ba, ko kina riƙe da makami da garkuwa a hannu biyu (War Caster tana barin ki yin sihiri a haka), ɗauki War Caster. In tafiyar mai nisa ce kuma makin ƙarfin jikinki mara ne, kamar 15, Resilient. In makin 14 ne, ƙarin 1 ɗin ba zai sauya komai ba, a nan War Caster ta ɗan fi armashi a farkon tafiya.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: sau da yawa ba bugu ne ke kashe sihirin ba, mai shi ne. Kin ɗora Entangle, layi ya zagayo kin manta kin ɗora Faerie Fire, na farkon ya tafi nan take, domin ba a riƙe biyu. Yi wa irin waɗannan alama a takardarki. Kuma ki koma bayan masu sulke, jifar da ba a yi ba ita ce ba a faɗuwa.

Tambaya: Sorcerer zai iya sakin Fireball biyu a layi ɗaya da Quickened Spell?

Amsa: A'a. Quickened Spell yana mayar da sihirinka aikin gyara, wato ɗan ƙarin aiki a kan babban aikin layinka. A dokar bugun 2014 na wasan, da zarar ka yi sihiri da aikin gyara, abin da ya rage maka a wannan layin ƙaramin sihiri ne mara cin gurbi, mai ɗaukar aiki ɗaya, irin Fire Bolt. Haka Cleric da ya yi Healing Word, wanda shi ma aikin gyara ne, ba zai bi shi da Bless ba. A bugun 2024 an sauya lafazin: gurbi ɗaya kacal za ka kashe wajen sihiri a layi guda. Masu ɗaukar Fighter mataki 2 don Action Surge, mai ba da ƙarin aiki ɗaya a layi, su lura, a 2014 dabarar tana ba da manyan sihiri biyu, a 2024 an toshe ta. Ku tambayi jagora wane bugu yake bi kafin ku cika takarda.