Wai Rasputin ne ya kai sarkin Rasha na ƙarshe ya baro?

Tambaya: Salam Malam, na ji ana cewa wani boka mai suna Rasputin ne ya ruguza sarautar Rasha, don Allah gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Rasputin ya zubar wa fada mutunci kam, amma ni a ganina sarkin ne ya yi wa kansa.

Nikolas na biyu ya hau gadon ubansa a 1894 yana ɗan shekara 26, mutum mai son iyalinsa amma ga taurin kai, shi gani yake Allah ne ya ba shi mulki ba mai sa masa baki. Tun bikin naɗinsa a Mosko a 1896 aka fara, turmutsitsi wajen rabon kyauta ya kashe mutum sama da 1,300, shi ko daren nan ya tafi liyafar rawa gidan jakadan Faransa. Mutane ba su manta ba. Sai Japan ta lallasa su a yaƙin 1904 zuwa 1905, ana cikin haka ma'aikata suka nufi fada da takardar koke sojoji suka buɗe musu wuta. A dole ya yarda da majalisa, Duma, amma da ta ɗaga murya sai ya rushe ta.

To ina Rasputin ya shigo? Ɗan sarkin namiji tilo, Alekse, yana da ciwon nan da jini ba ya tsayawa, kuma an ɓoye wa jama'a. Uwar yaron Aleksandra ta yi imani addu'ar mutumin nan ce ke ba shi sauƙi, wace uwa ce za ta kore shi? Talakawa kuwa ba su san dalili ba, kawai suna ganin wani baƙauye daga Siberiya yana shige da fice a fada.

Babban kuskuren a 1915 ne, lokacin Yaƙin Duniya na ɗaya, da sarkin ya ce shi da kansa zai jagoranci sojoji. Ya bar gari a hannun matarsa, ita kuma Bajamushiya ce ga shi da Jamus ake yaƙi, ministoci ana ta canza su kamar riga, duk kashin da aka sha a fagen daga kuma sunansa ake kira. An kashe Rasputin a Disambar 1916 amma ba abin da ya gyaru, ka ga kenan ba shi ne ciwon ba.

A Maris 1917 zanga-zangar burodi ta ɓarke a Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, sojoji suka koma bayan masu bore, janar-janar ɗinsa ma suka ce ya sauka. Cikin jirgin ƙasa ya sa hannu, ƙaninsa Mika'il ya ƙi karɓa, mulkin gidan Romanov na shekara 300 da ɗoriya ya ƙare. Ɗan'uwansa Sarki Joj na Ingila ma ya janye tayin mafaka. A Yulin 1918 'yan Bolshebik, wato 'yan gurguzun da suka ƙwace mulki, suka harbe Nikolas a garin Yekaterinburg, da matar da 'ya'yansu biyar da likitansu da barori uku.